Tayil Ba Ya Tare Ruwa: Abin Da Ya Kamata Mu Nema Kafin A Sake Gyara Banɗakunan Hostal

Duk lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai akwai alƙawarin da ba ya tsufa, wato gyaran banɗakin hostal. Kowane ɗan takara sai ya faɗe shi a ranar manufesto, mu kuma mu tafa. Wani lokacin ma a yi gyaran da gaske. A zo a fasa tsohon tayil, a manna sabo fari tas, a shafe silin da fenti, a ɗauki hoto a watsa a guruf ɗin WhatsApp, kowa ya ce ai wannan shugabanci ya yi aiki. Kafin a zagayo jarabawar zango na biyu, ɗigon nan ya dawo a banɗakin ƙasa, fentin bangon ɗakin da ke maƙwabtaka ya fara kumbura yana ɓarewa, katifar wanda gadonsa ke jikin bangon ta fara warin danshi. Sai a ce ɗalibai ne ba su iya riƙon kaya ba.

'Yan'uwana ɗalibai, ina ajin ƙarshe a sashen fasahar gini, saura 'yan watanni in tattara komatsaina. Kafin in tafi ina so in bar wa masu tasowa magana ɗaya: mu daina auna gyaran banɗaki da ƙyallin tayil. Abin da ke hana yoyo yana ƙarƙashin tayil ɗin, ba a ganinsa a hoto, kuma shi ne abu na farko da ake tsallakewa idan ana son rage kuɗi. Ra'ayina shi ne ƙungiyarmu ta tsaya kai da fata a kan cewa ba za a sake manna tayil ko ɗaya a banɗakin hostal ba sai an shimfiɗa abin tare ruwa a ƙarƙashinsa, an kuma gwada shi a gaban wakilanmu.

Me ya sa tayil ba ya isa?

Yawancinmu mun taso da tunanin cewa idan aka sa wa wuri tayil, to an gama da maganar ruwa. Fuskar tayil mai sheƙi ba ta shan ruwa, wannan gaskiya ne. Tayil ɗin fosilin mai kyau ma ruwan da jikinsa ke sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Amma tayil ɗin bango na gama-gari, irin wanda bayansa ke da launin jar ƙasa ko fari-fari, yana iya shan sama da kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa za ka ga mai tayil ya jiƙa shi a cikin baho kafin ya manna.

Babbar ƙofar ruwa kuwa ita ce layukan da ke tsakanin tayil da tayil. Da me ake cike su? Da farin siminti ko garin cike layi, wanda shi ma siminti ne tushensa. Siminti idan ya bushe yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yana zuƙar ruwa kamar yadda lagwani ke zuƙar kananzir. Ƙari a kan haka, gini yana motsi. Zafin watan Afrilu ya buɗa shi, sanyin hunturu ya tsuke shi, bango da daɓe kowanne ya ja nasa gefen. Wurin da suka haɗu, wato kusurwa, nan layin ke fara tsagewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ko tsagar da ba ta kai kaurin gashi ba ta ishe shi. Sannan ga masu wanke banɗaki da asid don tayil ya yi fari. Asid yana cin siminti, don haka duk wankin da aka yi da shi, layukan suna ƙara zaizayewa.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, don banɗakin hostal ba irin na gida ba ne. Mu ƙaddara mutum 40 ne ke amfani da wurin wanka ɗaya, kowa bokiti ɗaya mai lita 15, safe da yamma. Lita 1,200 ke nan a rana, lita 36,000 a wata, ban da wanki da alwala da famfon da aka bari yana ɗiga. Daɓen ba ya samun ko awa biyu ya bushe. Ko da ɗan kaɗan ne daga cikin wannan ruwa ya sulale ta layukan, kullum ne yake sulalewa, kuma idan ya shiga ƙarƙashin tayil ba shi da hanyar fita sai ta cikin dekin ko ta cikin bulo.

Abin da ruwan ke yi idan ya shiga

A nan ne maganar ta wuce ta ƙyanƙyami ta koma ta rai. Dekin da muke tsaye a kai muna wanka kankare ne da rodi a ciki. Kankare lafiyayye yana kare rodi daga tsatsa saboda sinadarin da ke cikin siminti, amma kaurin kankaren da ke rufe rodin dekin bai cika wuce santimita 2 zuwa 2 da rabi ba. Idan ruwa ya riƙa ratsawa shekara da shekaru, ɗauke da sabulu da gishirin fitsari da maganin wanke banɗaki, wannan kariya takan karye, rodi ya fara tsatsa. Tsatsa kuma tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi, ninki biyu ko fiye. Sai ta tura kankaren daga ciki, ya tsage, ya ɓalle ya faɗo.

Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a banɗakin ƙasa na tsohon bene ya san alamomin. Da farko farin gari kamar kanwa ya fito a silin, wannan gishirin siminti ne da ruwa ya wanko. Daga nan jan tabo ya biyo baya, wato tsatsa ta fara. Daga nan kuma sai ka ga rodi tsirara, baƙi, yana ɓarɓashi. Idan aka kai wannan mataki, fenti ba magani ba ne, lulluɓe ciwo ne kawai. Rodin da ya ci tsatsa ya rage kauri, kuma shi ne ke riƙe da nauyin bene da mutanen da ke kansa.

Ga kuma lantarki. Wayoyin fitilar banɗakin ƙasa suna bi ne ta cikin dekin nan da ruwa ke ratsawa. Mutum ba takalmi, a jiƙe, a kan jiƙaƙƙen daɓe, ya miƙa hannu ya taɓa makunnin da bangonsa ke tsattsafo. Ba sai na ƙarasa ba. Ga fumfuna da ke baƙanta bango, wadda masu asma suka fi kowa sanin illarta. Ga littattafai da takardun shaida da ke lalacewa a cikin loka. Ko banɗakin da ke ƙasa, wanda ba kowa a ƙarƙashinsa, bai tsira ba, domin bulon yashi da siminti da muke gini da shi yana shan ruwa sosai, ya kai shi ɗakin da ke bayansa.

Mene ne abin tare ruwa mai mannewa?

Magina suna ce masa wotafuruf, amma wannan kalma ta tara abubuwa da yawa, kuma a nan ake yi mana rufa-rufa. Wani idan ya ce ya sa wotafuruf, garin nan ne ya zuba a cikin kwaɓin siminti. Garin yana rage shan ruwa, amma ranar da simintin ya tsage, amfaninsa ya ƙare, don ba ya miƙewa ya rufe tsaga. Wani kuma tsohuwar hanya yake nufi, a shimfiɗa felt na kwalta a kan dekin, a zuba kwaɓin yashi da siminti mai kauri a kai, sannan a ɗora tayil. Wannan ya fi babu, kuma idan an yi shi da kyau yana kare dekin. Matsalarsa ita ce kwaɓin da ke saman kwaltar yakan zauna a jiƙe kamar soso, ya riƙa wari, ruwan kuma ya bi gefe ya hau bango idan ba a naɗo felt ɗin sama sosai ba.

Hanyar da nake magana a kai ta bambanta. Wata siririyar fata ce da ake manna wa a saman daɓen da aka riga aka karkata da kuma jikin filastar bango, sannan a manna tayil kai tsaye a kanta da gam ɗin tayil. Ruwan da ya wuce layin tayil, da ya yi 'yan milimita sai ya ci karo da ita, ya bi gangara ya faɗa magudana. Daɓen da bulon da dekin duk suna zaune a bushe.

Iri uku ne aka fi sani. Akwai na shafawa da ke zuwa a bokiti kamar fenti mai kauri, idan ya bushe ya zama kamar roba, irin su RedGard da Hydro Ban da ake amfani da su a Amurka. Akwai na shimfiɗawa da ke zuwa a naɗe kamar yadi, wanda ya fi suna shi ne Kerdi na kamfanin Schlüter na Jamus, mai launin ruwan lemo, leda ce mai kaurin milimita 0.2 da aka yi wa gashi-gashi ciki da waje don gam ya kama ta. Sai na uku, wanda a ganina ya fi dacewa da mu, wato mai haɗi biyu: garin siminti na musamman a buhu da farin ruwa mai kama da madara a jarka, a kwaɓa su tare a shafa da burushi. SikaTop Seal-107 da Mapelastic suna cikin wannan rukuni. Na ce ya fi dacewa da mu ne saboda yana kama filasta da kankare da kyau, yana jure ɗan danshi a jikin bango, kuma duk maginin da ya iya riƙe burushi zai iya koyonsa a yini ɗaya. Sai dai a cikinsu ma wani ya fi wani miƙewa, kuma a bene mai miƙewar ake so.

Waɗannan kaya ba gwaji ake yi da su ba. A Turai akwai ƙa'ida mai lamba EN 14891 da ke auna na shafawa da ake sa wa a ƙarƙashin tayil. A Amurka akwai ANSI A118.10. A Ostireliya akwai AS 3740, kuma dokar gininsu ta wajabta tare ruwa a wurin wanka. Waɗannan ƙasashe da mutum biyu ko uku ke amfani da shawa ɗaya sun ga ya zama dole, ina ga mu da muke layi da bokitai tun asuba?

Yadda aikin kirki yake

Ina so kowane ɗalibi, ko na akanta ne ko na aikin jarida, ya san matakan nan, don ya iya leƙawa ya gane ko aiki ake yi ko wasa.

Na farko, falamba ya gama nasa. Duk fayif ɗin da zai ratsa daɓe ko bango a sa shi, a cika shi da ruwa a tabbatar ba ya yoyo, a toshe kewayensa da kwaɓi mai kyau. Wanda zai dawo ya fasa bango bayan an shafa fatar, ya ɓata aikin gaba ɗaya.

Na biyu, gangara. Daɓen ya karkata zuwa magudana da kimanin santimita 2 a kowace mita ɗaya, kuma a yi gangarar kafin a shafa fatar. Gwajinsa ba ya buƙatar digiri: a watsa bokitin ruwa, a tsaya a gani. Idan ya taru a wata kusurwa ya kwanta, a gyara tun yanzu. Sabon daɓe da sabuwar filasta kuma a ba su lokaci su yi ƙwari. A aji an koya mana kwana 28 kankare ke ɗauka kafin ya kai ƙarfin da aka auna masa, kuma kowane irin kayan tare ruwa yana da adadin kwanakin jira da aka rubuta a takardarsa.

Na uku, share wuri. A kankare tsohon gam da fenti da maiƙo, a cike ramuka da tsaga, a share ƙura. Fatar ba ta kama datti. Mai haɗi biyu yana son a ɗan jiƙa bangon kafin a shafa, ya yi laima amma ba ruwa kwance ba.

Na huɗu, wuraren haɗari, kuma a nan ake gane gwani. Yoyo bai cika farawa daga tsakiyar daɓe ba. Daga kusurwa yake farawa, da gindin fayif, da bakin magudana, da dokin ƙofa. A kusurwa ana manna wani ƙyalle na musamman ko raga a cikin shafin farko, rabi a daɓe rabi a bango, don idan gini ya motsa fatar ta miƙe maimakon ta yage. A gindin fayif a sa masa wuya. A magudana fatar ta shiga har cikin bakinta, ta yadda ruwa ba zai bi ta gefen fayif ya sauka ba. Idan na shimfiɗawa ne, duk inda yadi biyu suka haɗu ɗaya ya hau kan ɗaya da aƙalla santimita 5.

Na biyar, shafi biyu, ba ɗaya ba. Na farko a ja burushi a kwance, idan ya sha iska a ja na biyu a tsaye, don ya rufe ƙananan ƙofofin da na farko ya bari. A wurin wanka fatar ta hau bango har mita 1.8 ko ta wuce kan shawa. A sauran banɗakin ta rufe daɓe duka, ta hau bango da aƙalla santimita 15. Mu da muke watsa ruwa da kofi ko'ina, gara a ɗaga ta fiye da haka. Sannan a kula da yanayinmu. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da kayan siminti kafin su kama, su tsattsage. A kwaɓa kaɗan-kaɗan, a yi aikin da safe ko da yamma, kada kuma a ƙara ruwa a kwaɓin don ya yi auki.

Na shida shi ne zuciyar wannan rubutu: gwajin ruwa. Bayan fatar ta bushe, a toshe magudana, a tare ƙofa, a cika daɓen da ruwa kamar santimita 5, a ja layi a bango daidai inda ruwan ya tsaya, a kulle ƙofa a bar shi awa 24 ko fiye. Washegari a duba layin, a sauka ƙasa a duba silin. Idan ruwan ya ja baya sosai ko silin ya yi tabo, an kama ɓarawon tun kafin a rufe shi da tayil, gyaransa kuma burushi ne da ɗan kwaɓi. Wannan gwaji ba ya cin komai sai ruwa da haƙurin kwana ɗaya.

Na bakwai, manna tayil. A nan sai an sa wa mai tayil ido, don al'adar aikinsa ta saba da sassaƙa bango da guduma don siminti ya kama, da buga ƙusa don ɗaura igiya. Ƙusa ɗaya ta isa ta mayar da aikin banza. A yi amfani da gam ɗin tayil, a baje shi da cokali mai haƙora ya cika bayan tayil ɗin kusan duka. Salon ɗora dunƙule biyar a bayan tayil yana barin rami, ramin ya tara ruwa da kyankyasai, shi ne tayil ɗin da idan ka ƙwanƙwasa za ka ji yana amsawa kamar ganga. Kusurwoyi kuma a cike su da silikon mai laushi maimakon farin siminti.

Lokacin da na yi SIWES a wani wurin gini, na ga an yi wannan gwaji a banɗakuna da dama na bene ɗaya. Ɗaya daga ciki ya zubar, kuma ta gindin fayif ne. Injiniyan bai yi faɗa ba, ya ce wa mai aikin, “Malam, gara mu gani yau da mai gida ya gani baɗi.” Kafin la'asar an gyara wurin, bayan ya bushe aka sake cika ruwa. Da an riga an sa tayil, da sai an fasa rabin banɗakin ana neman inda ruwan ke bi.

Abin da za a ce mana, da amsarmu

Za a ce tsada. To mu auna. Wurin wanka mai mita 1.2 a kowane gefe, daɓensa da bangonsa uku zuwa tsawon mita 1.8 duka-duka kimanin murabba'in mita 8 ne. Irin mai haɗi biyu yakan ci kilo 3 zuwa 4 a kowace murabba'in mita idan an yi shafi biyu, wato wajen kilo 30 ke nan. A ɗora wannan a gefe ɗaya. A ɗaya gefen a ɗora kuɗin fasa tayil, kwashe ɓaraguzai, sayen sabon tayil da siminti da yashi, ladan mai tayil da falamba da mai fenti, a kuma ninka shi da yawan lokutan da za a maimaita. Ban ma sa kuɗin gyaran dekin da rodinsa ya ci tsatsa ba, wanda ya fi su duka. Araha ba ta ado. Kuma kada mu manta, kuɗin hostal da iyayenmu ke haɗawa da ƙyar yana cikin abin da ake kashewa.

Za a ce ɗalibai ne ke lalata wuri. A nan akwai ƙamshin gaskiya, ba zan ɓoye ba. Masu tura ledar omo da ragowar abinci da audugar mata a magudana, da masu barin famfo a buɗe idan ruwa ya ɗauke, da masu tsayawa a kan fayif don rataye kaya, duk suna da nasu alhakin. Fatar tare ruwa ba ta buɗe magudanar da ta toshe, ba ta kuma gyara fayif ɗin da ya fashe. Amma ko malaman tsafta aka zuba a hostal, wanka da ruwa za su yi, ruwan kuma zai bi layin tayil. Banɗakin da ba zai jure ruwa ba, ba ɗalibi ne ya lalata shi ba, tun ran gini aka yi kuskuren zane.

Za a ce wannan ba hurumin ɗalibi ba ne, akwai sashen ayyuka da injiniyoyinsa. Haka ne, kuma ba mu ce za mu karɓe musu aiki ba. Amma mu ne muke kwana a ƙarƙashin dekin. Injiniya ɗaya ba zai tsaya a kan banɗaki ashirin daga safe zuwa yamma ba, shafin nan kuwa a cikin awa biyu ake yinsa ko a tsallake shi, kuma da an ɗora tayil ba mai iya sanin abin da ke ƙasa. Ƙarin ido taimako ne ga injiniyan kirki. Ɗan kwangilar da ya san aikinsa ma ba ya tsoron gwajin ruwa, don shi ne shaidarsa.

Za a ce ba lokaci, dole a gama kafin a dawo hutu. Shafi biyu da bushewa da gwaji ba su wuce ƙarin 'yan kwanaki ba. Idan an fara aikin a makon farko na hutu maimakon makon ƙarshe, lokaci ya isa har ya yi saura.

Abin da nake roƙon ƙungiya

Na ɗaya, kafin a ba da kowace kwangilar gyaran banɗaki, shugabanninmu su nemi ganin takardar ƙididdigar aiki, wadda 'yan sashen kwantiti ke kira BOQ. Su duba ko akwai layi na musamman na tare ruwa, da sunan irin kayan, da yawan murabba'in mita, da yawan shafi, da tsawon da zai hau bango. Abin da ba a rubuta ba, ba wanda za a kama da laifin rashin yinsa. Kalmar “wotafuruf” ita kaɗai ba ta wadatar ba.

Na biyu, a rubuta gwajin ruwa na awa 24 a cikin sharuɗɗan aikin, a yi shi a gaban injiniyan makaranta da daraktan walwala na ƙungiya da shugaban hostal, mata a nasu maza a nasu, kowa ya sa hannu. A ɗauki hoton fatar kafin a rufe ta. Wannan hoton ya fi na ranar buɗewa amfani.

Na uku, a kwangilar gini akwai wani kaso da ake riƙewa, galibi kashi 5 cikin ɗari, har sai wa'adin gyaran aibi ya cika, wanda yakan kai wata shida ko shekara. Ƙungiya ta buɗe rajista a kowane hostal, duk wanda ya ga tabo ko ɗigo ya rubuta da kwanan wata da lambar ɗaki, a miƙa wa hukuma a rubuce kafin wa'adin ya ƙare. Ƙorafin da muke yi a guruf da daddare ba ya shiga fayil ɗin kowa.

Na huɗu, ina kira ga malamanmu na sashen gini da sibil da akitekca da kwantiti. Muna zana banɗaki a takarda, muna haddace ma'anar danshi don jarabawa, alhali ga ɗakin gwaji na gaske a bayan ajinmu yana ɗiga. A ba wa 'yan aji ɗaya banɗaki ɗaya ya zama aikinsu na firaktikal, ƙarƙashin kulawar malami da ƙwararren magini. Su auna, su yi ƙididdiga, su shafa, su gwada, 'yan ajin da ke biye su riƙa duba shi duk zango suna rubuta abin da suka gani. An kafa politeknik ne don a fitar da masu aiki da hannu da ƙwaƙwalwa tare. Kuma wanda ya iya wannan sana'a ya samu abin yi, don kowane sabon bene da ke tashi a garuruwanmu banɗakuna ne a cikinsa, masu gidajen kuma suna kuka da yoyo.

Mu kuma sauran ɗalibai, namu ba shi da wuya. Mu daina watsa asid a tayil, mu kiyaye magudana, mu kai rahoton famfon da ke ɗiga tun yana ɗigo. Idan ka ga rodi ya fito a silin ko kankare na ɓallewa, ko makunni na jan hannu, kada ka tsaya raha, ka sanar da shugaban hostal a ranar, a rufe wurin.

Zaɓe na tafe, kuma na san za a sake yi mana alƙawarin banɗaki. Idan ɗan takara ya faɗa, kafin ku tafa wani ya ɗaga hannu ya tambaye shi abu biyu: me za a sa a ƙarƙashin tayil ɗin, kuma wa zai tsaya a ga gwajin ruwa? Wanda ya iya amsawa, shi ya cancanci ƙuri'ar 'yan hostal.